Kafin yaro ya ci bashin karatu, a nuna masa albashin da ke jiransa

Shekarata goma sha ɗaya a unguwar Bronx da ke New York, amma sai bara na zauna da biro da takarda ni da 'yata muna lissafin kuɗin jami'a. Makarantu biyu suka ba ta gurbi. Ɗaya ta kuɗi ce mai suna, kuɗin karatunta kaɗai ya haura dala 60,000 a shekara. Ɗayar kuwa Lehman College ce, ta gwamnati a ƙarƙashin CUNY, wato jami'ar birnin New York, jirgin ƙasa mai lamba 4 na sauke mutum dab da ƙofarta, kuma mazaunin jihar dala 6,930 yake biya a shekara.

Gaskiya zuciyata ta fi karkata ga mai sunan, don kowane uba na son ya faɗi makarantar 'yarsa a gaban dangi kansa a sama. Abin da ya dawo da ni kan hanya shi ne College Scorecard, shafin ma'aikatar ilimi ta Amurka. Kana rubuta sunan makaranta da fanni, zai nuna maka matsakaicin bashin da ɗalibai ke fita da shi, da abin da suke samu bayan sun kama aiki. Aikin jinya 'yata take so, kuma jarrabawar NCLEX ta samun lasisin aikin ɗaya ce ga kowa, lasisin ma ɗaya ne ko daga wace makaranta aka fito. To don me za ta shiga aure da bashin da ya fi kuɗin gida a Kano?

Bashin karatu a nan ba wasa ba ne. Na gwamnatin tarayya kaɗai ya wuce dala tiriliyan 1.6, wanda ɗaliban digirin farko suka karɓa a shekarar karatu ta 2024/25 ruwansa kashi 6.53 ne cikin ɗari, kuma ko kotu ta tabbatar mutum ya karye, da ƙyar ake yafe shi. Ina aiki da masu furfura da har yau suke biya. Mu Musulmi kuma ga nauyin riba a kai.

Ta wannan fuska NELFUND, hukumar ba ɗalibai bashin karatu da aka soma a Najeriya a 2024, ta fi tausayi nesa ba kusa ba: babu ruwa, akwai naira 20,000 ta kashewa duk wata, ba a fara biya sai shekara biyu bayan bautar ƙasa, kuma kashi 10 cikin ɗari na albashi ake cira. Na yaba.

Damuwata a wani wuri take. Ɗan ƙanena da ke wata jami'ar gwamnati a Arewa ya cike fom, sai na tambaye shi a waya: “Waɗanda suka gama fanninku shekara uku da suka wuce, ina suke, nawa suke ɗauka?” Ya ce, “Wallahi Baffa, sai dai abin da ake ji a gari.” A ƙasar da mafi ƙarancin albashi yake naira 70,000, wadda yajin aikin malamai ya cinye wa ɗalibai wata takwas a 2022, yaro na sa hannu kan bashi a makance.

NELFUND na karɓar NIN da BVN na duk wanda ya nema, kuma ta hannun masu ba da aiki za ta riƙa karɓar kuɗinta. Ke nan nan gaba kaɗan za ta san wace jami'a da wane fanni ke kai mutum ga albashi. Ya kamata ta wallafa wannan a fili, jami'a bayan jami'a, da Hausa ma, yadda uban da ke Gumel zai iya zama da ɗansa su yi lissafin da na yi da 'yata kafin a cike fom ɗin JAMB.