Manhaja Ta Sandare, Mai Gyara Ya Ce Sai An Yi Fomatin

Wai don Allah me masu ƙera manhajar tace bidiyo suka ɗauke mu ne? Mutum ya zauna tun bayan isha'i yana yanka bidiyon biki, ya jera kamu, ya jera walima, ya daidaita sauti, sai kawai allo ya yi fari fat, linzami ya koma ɗan zobe yana ta juyi. Iyakar abin da za a rubuto maka shi ne manhaja ba ta amsawa, ko ka jira ko ka rufe. In ka jira, sai asuba. In ka rufe, aikin da ba ka adana ba ya bi ruwa. Ga uwar amarya a waya: "Malam, shiru muke ji, dangi sai tambaya suke yi." In na ce mata, "Hajiya, a ƙara haƙuri, kwamfuta ce ta sandare," a kunnenta wannan ba ta da maraba da alkawarin tela a jajibirin salla.

Ka kinkimi kwamfutar ka kai wa mai gyara, tun kafin ya kunna ta ya yanke hukunci: "Yallaɓai, bairos ne, sai an yi fomatin." Ka biya, ka dawo gida, ka ƙone data wajen sake sauke komai, ka buɗe aikin, ta sake ƙamewa a daidai inda ta saba. Wallahi wannan cuta ce, kuma da yawansu sun san ba bairos ba ne.

Sau da yawa matsalar tana cikin bidiyon da aka ɗauka da waya. Wayoyin yanzu da dama suna matse hoto da tsarin H.265, wanda aka fitar a 2013, don kada ya cinye wuri. Wajen kallo lafiya lau, amma wajen yanka sai kwamfuta ta yi ta warware shi hoto bayan hoto, gaba da baya. Furosesan Intel (furosesa ita ce ƙwaƙwalwar kwamfuta) sai daga ƙarni na 6, wato na 2015, suka samu cikakken sashen da ke warware shi da kansa. Mu kuwa yawancinmu kwamfuta kwance muke saya, ta ƙarni na 3 ko na 4, da ram (ma'ajiyar wucin gadi da kwamfuta ke aiki a kanta) gigabait 4, mai shago yana rantsuwa cewa za ta ɗauki kowane irin aiki. Ka ɗora mata bidiyon 4K, wanda ɗigon hotonsa ya ninka na 1080 sau huɗu, ai dole ta durƙusa. Ƙari a kan haka, waya ba ta tsayawa kan adadin hoto guda a daƙiƙa. A haske ta yi 30, an shiga ɗakin amarya mai duhu ta ragu. Shi ya sa baki ke gaba murya na baya, manhaja ta rikice.

Sannan ga zafi. A watan Afrilu, Kano na haura digiri 40, ƙurar hunturun da ya wuce ta toshe fanka, furosesa na kusantar digiri 100 sai ya rage gudu don kada ya ƙone. Danna Ctrl da Shift da Esc tare, shafin da ke nuna nauyin da ke kan kwamfutar zai buɗe, ka gani da idonka: ram ya cika maƙil, tsohon faifan ajiya yana kan 100 bisa 100.

To abin da ke ƙona min rai shi ne, manhajar nan ta san irin fayil ɗin da na shigar tun daƙiƙar farko. Ta san ƙarfin kwamfutata. Me zai hana ta ce, "Wannan bidiyon ya fi ƙarfin na'urarka, a yi masa ƙaramin kwafi mara nauyi ka yi aiki da shi"? Hanyar tana nan a ciki, an binne ta can ƙarƙashin saituna, sai wanda ya sha wuya yake tono ta. Amma saƙon a sabunta manhaja, wannan kullum sai ya faɗo maka a fuska, ka zuba data ka sauke, sabuwar ta fi tsohuwar nauyi. Kuma abin da suke rubutawa a matsayin mafi ƙarancin buƙata, buɗe manhajar kawai yake iya yi, ba aiki ba.

Yanzu duk bidiyon waya sai na fara wuce da shi ta manhajar juya bidiyo ta HandBrake, wadda kyauta ce, in mayar da shi H.264, tsohon tsarin da ya fi sauƙin warwarewa, in tsayar da adadin hoton wuri guda. Na sa an bushe fanka, an canza man da ke taimaka wa furosesa fitar da zafi, na tattara kuɗi na sa SSD, wato faifan ajiya mai sauri, da ram gigabait 8. Sandarewar ta ragu ƙwarai. Sai dai juya bidiyon biki guda kan cinye dare, in ba a ɗauke wuta a tsakiya ba, kuma ba mai bikin da zai yarda a saka masa wannan a lissafi.