Nasiha Ga Masu Buga Gem Da Iyayensu

Bismillahir Rahmanir Rahim. Assalamu alaikum wa rahmatullah, 'yan uwa mazauna Legas, na Agege da Idi-Araba, na Mile 12 da Obalende da Alaba Rago. Allah Ya sa wannan magana ta amfani mai faɗa da mai ji.

Maganar gem ce, na waya da na PlayStation, wanda yanzu ya wuce hannun yara kaɗai, har magidanta da 'yan mata suna ciki. Wasu na cewa duk wanda ya riƙe hannun gem ya lalace. Wasu kuma na cewa wasa ne kawai, ina ruwan addini. Duka biyun akwai gyara.

Musulunci bai hana wasa ba. Manzon Allah (SAW) ya yi tseren gudu da Nana A'isha, ta wuce shi, daga baya shi ma ya wuce ta. Ya tsaya ya kare ta da mayafinsa tana kallon Habashawa suna wasa da māsu a masallaci. Da Hanzala ya zo yana kukan ya zama munafuki don yana komawa gida ya shagala da iyali da sana'a, sai Manzon Allah (SAW) ya ce masa: "Ya Hanzala, lokaci da lokaci." Rai yana buƙatar hutu, balle a garin da mutum ke fita da duhu ya dawo da duhu.

Ma'aunin kuwa yana cikin Suratul Ma'ida, aya ta 91, inda Allah Ya faɗi abin da Shaiɗan ke nema da giya da caca: ya jefa gaba da ƙiyayya a tsakaninku, ya kange ku daga ambaton Allah da sallah. Ka ɗora gem ɗinka a kan wannan sikeli, ɗan uwa, ka duba da kanka.

Mu fara da sallah, don nan ne aka fi faɗuwa. Leƙa kowane gidan gem da almuru. Samari huɗu a kan benci, wayoyi a kwance a hannu, iyafis a kunne. Ladan ya kira Magariba, ɗaya ya ɗago kai ya ce "saura mutum shida, bari mu ƙarasa." Da'irar da wasan ke tsare 'yan wasa a cikinta tana matsewa, zuciya tana bugawa, liman ya yi sallama ba wanda ya motsa. Waɗannan yara ba sallah suka ƙi ba. Wasan ne aka gina shi babu wurin tsayawa. A PUBG da Free Fire da Call of Duty ba a dakatar da wasa idan an shiga, domin da mutane na gaske ake bugawa. Idan ka fita a tsakiya makinka zai sauka, 'yan tawagarka su yi ta ƙorafi, wani wasan ma ya hukunta ka. Mai jiran ya yi ƙarfin hali a wannan lokacin ya riga ya makara. Shawarar ana yanke ta ne kafin a danna maɓallin farawa.

Ga lissafin. Babban filin PUBG mai mutum 100 yana iya kai ka minti 30 idan ka daɗe da rai. Free Fire mai mutum 50 ya fi gajarta, ka ba shi minti 15 zuwa 20. Ƙwallon FC, wanda aka sani da FIFA kafin 2023, idan an sa minti 6 kowane zagaye, da zaɓen 'yan wasa da maimaita ƙwallo da bugun fenariti sai ya doshi minti 20. Ka ƙara minti 10 na alwala da takawa zuwa masallaci. Ke nan idan saura ƙasa da minti 40 a kira sallah, ba a shiga babban fili. Magariba a Legas tana yawo ne tsakanin kusan 6:25 a Nuwamba da 7:05 a Yuli, don haka kada ka riƙe lokaci ɗaya a ka duk shekara, kuma kada ka yi aiki da jadawalin Kano, a Legas rana ta fi jinkirin faɗuwa. Tsakanin Magariba da Isha'i awa ɗaya ce da 'yan mintuna. Ka bar wa Alƙur'ani da karatu da cin abinci da iyali wannan tazarar gaba ɗaya, ba ta isa a raba ta da gem ba. Idan tawagarku Musulmi ne, ku sa wannan ƙa'ida tare, ɗaya ya riƙa duba agogo. Idan akwai waɗanda ba Musulmi ba, faɗa musu tun farko cewa ƙarfe kaza za ka tashi. Galibi suna girmama wanda ya girmama addininsa.

Sai dare, wanda shi ne babbar matsalar Legas. Da dare ne netwok ke yin sauƙi, da dare ne ake samun garabasar data, sau da yawa da dare ne wuta ke zama, kuma da dare ne mai shago da ɗan dako da mai gadi da ɗalibi suke samun kansu. Abu Barza ya ruwaito cewa Manzon Allah (SAW) yana ƙin barci kafin Isha'i da hira bayanta, malamai kuma suka ce daga cikin dalilai akwai tsoron rasa Asuba. Wanda ya kwanta ƙarfe 2:30 yana son ya tashi 5:15, barcin da bai kai awa uku ba yake nema ya yi sallah da shi, ya kuma tuƙa babur ko ya ƙirga kuɗin mutane da shi. Abin da ke jan dare ya yi tsawo abu ɗaya ne: "ba zan kwanta da rashin nasara ba." An ci ka, ka ce sai ka rama. Ka gaji, hannunka ya yi nauyi, aka sake cin ka. Sa wa kanka doka: an ci ka sau biyu a jere, an tashi. Kafin ka zauna ka faɗi adadin wasannin da za ka buga, uku ko huɗu, domin ƙirga wasa ya fi ƙirga awa riƙuwa. A wayar Android ka shiga Digital Wellbeing ka sa wa gem ɗin iyakar lokaci, a iPhone kuma Screen Time, idan akwai lambar sirri ka bar ta a hannun matarka ko yayanka, don wadda ka sani da kanka za ka buɗe. Wayar ta kwana tana caji nesa da shimfiɗa. Buga gem tana jikin caji yana sa ta zafi ya kashe batir da wuri, ga kuma igiyar ta ɗaure ka a gefen katifa.

Ka kuma san cewa masu ƙera wasannin nan sun yi nazarin yadda za su dawo da kai. Kyautar shiga kullum, aikin yau da za a goge gobe, kakar da za ta ƙare a mayar da matsayinka baya, sanarwar da ke cewa abokinka yana kan layi, duk ƙugiya ce. Kashe sanarwar gem gaba ɗaya daga saitin waya. Ka bar kyautar kwana ɗaya ta wuce ka da gangan, ka ga ba abin da ya same ka. Awa 3 a kullum awa 21 ce a mako, a shekara kuma ta haura kwana 45 cur, dare da rana. Hadisin Ibn Abbas a Bukhari ya ce ni'imomi biyu ne mutane da yawa ke tafka asara a kansu, lafiya da sararin lokaci.

Maganar kuɗi kuma ba ta son kwana-kwana. "Wanda aka ci shi zai biya kuɗin wasan," kamar yadda aka saba a gidajen gem, malamai da yawa sun sa shi cikin caca, domin kowa ya zauna ne bai san ko zai biya na mutum biyu ko zai tashi kyauta ba. Gyaran mai sauƙi ne: kowa ya biya nasa, ko ɗaya ya ɗauki nauyi tun kafin a fara. Zuba dubu ɗaya ɗaya wanda ya ci ya kwashe, wannan caca ce tsagwaronta, ko da an kira ta gasa. Akwai kuma akwatunan sa'a da ake saye da UC, wato kuɗin cikin PUBG, ko lu'ulu'un Free Fire ko fakitin 'yan wasa na FC, inda kake biyan kuɗi sananne a kan abin da ba ka san mene ne ba. Ƙasar Beljiyam ta ɗauki irin wannan a matsayin caca tun 2018. Idan dole ka saya, sayi abin da kake gani da farashinsa, ka yanke adadi na wata, ka cire katin ATM daga Google Play, ka sa sai da lambar sirri ake biya. Duk wanda ya turo maka adireshi wai ana raba UC kyauta, asusunka yake nema ya sace. Game da ludo kuma, a san cewa hadisi ya inganta a Muslim mai tsanantawa a kan wasan nardi, wanda ake jefa ƙwayar lamba, kuma malamai da dama sun haɗa ludo da shi. A tambayi malamin unguwa, kada a yi wa kai fatawa.

Harshe ma amana ne. Makirufo a buɗe, an harbe ka, sai ashar ta fito, har da zagin uwar wanda ba ka taɓa gani ba. Mala'iku suna rubutawa a cikin gem kamar yadda suke rubutawa a kasuwa. Wanda ya san ba ya iya riƙe bakinsa ya rufe makirufo, wanda ke zagi a tawaga a toshe shi.

Yanzu zumunci. Legas da kanta tana cin zumunci: daga Agege zuwa Obalende da dawowa, gosulo na iya haɗiye maka rabin yini. Ɗan lokacin da ya rage shi ne gem ke nema. Abokan kan layi mutane ne, abotarsu tana iya zama ta gaskiya, ba mu raina ta ba. Amma ranar da zazzaɓi ya kwantar da kai a ɗaki, maƙwabcinka ne zai ƙwanƙwasa ƙofa. Ranar da kaya suka ƙone a kasuwa, waɗanda ka je wa suna da ɗaurin aure da jana'iza ne za su tsaya maka. Mahaifiyarka tana Katsina ko Sakkwato tana jiran kira, ka ce ba kati, alhali ka sa datar gem jiya. Matarka ta wuni ita kaɗai a ɗaki ɗaya, a garin da ba ta da dangi, wataƙila ko Yarabanci ba ta ji, ka dawo ka toshe kunnuwa biyu. Wannan zalunci ne ko da ba ka yi nufinsa ba. Salmanul Farisi ya gaya wa Abu Darda'i cewa Ubangijinka yana da haƙƙi a kanka, ranka yana da haƙƙi a kanka, iyalinka suna da haƙƙi a kanka, ka ba kowa haƙƙinsa, Manzon Allah (SAW) ya ce Salman ya yi gaskiya. Abu Darda'i fa ibada ce ta shagaltar da shi aka faɗa masa haka. Awar farko bayan shigowa gida ta iyali ce, waya a aljihu. Ware kwana biyu a mako da ba a taɓa gem, Juma'a tana ciki. Idan za a buga, haɗuwa a ɗaki ɗaya da hannu biyu, ana karɓa-karɓa, a tashi tare a yi jam'i, ya fi kowa ya kulle kansa da iyafis. Idan baƙo ya yi sallama, a cire abin kunne duka biyu a amsa masa da fuska.

Iyayenmu da yayyenmu, a gafarce mu, akwai naku kason. Yaro yana son kwamfuta, ba shi da yawan surutu, ba ya zaman majalisa, sai a ce masa malalaci, ko sakarai, ko a fara raɗa cewa ɗan Yahoo ne. Yarinya ta riƙe hannun gem a ce ta fitsare. Suratul Hujurat, aya ta 11 da ta 12, ta hana izgili da jifa da miyagun laƙabi da yawan zato. Wannan yaron a waje an riga an kira shi "aboki" da sigar raini, ana mamakin wai Bahaushe ya iya na'ura. Idan ya dawo gida aka sake liƙa masa wani suna, wurin da ya rage masa shi ne cikin gem, inda ake yabonsa idan ya yi ƙoƙari. Fasa waya da ƙwace ta cikin fushi ba ya magani, gidan gem na bayan layi zai koma, inda ba ku ganinsa kuma ake caca. Abin dubawa shi ne sallarsa a kan lokaci, barcinsa, karatunsa ko sana'arsa, da inda kuɗin ke fitowa. Idan waɗannan suna daidai, a bar shi ya huta. Alhaji ya zauna kusa da shi minti goma ya ce "nuna min yadda ake yi," zai ji abin da shekara guda ta faɗa ba ta fito da shi ba. Na'urar ta zauna a falo, kuma PlayStation tana da saitin iyali da ake ƙayyade wa yaro awanni da kashe kuɗi. Mai son sanin cikin na'ura a kai shi koyon gyara a Computer Village da ke Ikeja, ko a sa shi koyon rubuta manhaja. Gaskiya ne a 2024 an yi gasar duniya ta wasannin gem a Riyad da kyautar da ta haura dala miliyan 60, amma masu cin abinci da wannan 'yan ƙalilan ne ƙwarai, kada wani ya ajiye makaranta ko shago saboda ita. Ku ma masu gem, kada ku riƙa kallon wanda bai san wasanku ba a matsayin ɗan ƙauye, ayar ta hau kanku.

Akwai kuma inda abin ya wuce nasiha. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa matsalar kamuwa da gem cikin kundin cututtukanta da ya fara aiki a 2022, da alamomi uku: mutum ya kasa sarrafa lokacin farawa da tsayawa, gem ya hau kan sauran al'amuran rayuwarsa, kuma ya ci gaba duk da yana ganin ɓarnar da yake masa, yawanci har tsawon wata 12. Kaɗan ne daga masu bugawa ke kai wa nan. Amma idan ɗanku ya daina wanka da cin abinci a kan lokaci, yana ɗaukar kuɗin da ba nasa ba, yana tayar da hankalin gida idan an taɓa wayar, sau da yawa akwai damuwa ko ƙunci a ƙarƙashi. A yi masa addu'a, kuma wani babba da yake jin nauyinsa ya raka shi ganin likita, a asibitin koyarwa na LUTH da ke Idi-Araba ko asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Yaba, ba tare da an shelanta wa unguwa ba.