Gidan haya: wa zai hau soro kafin ruwa ya sauka?

Duk shekara idan Agusta ya kama, labarin da ke fitowa daga Jigawa kusan ɗaya ne: ruwa ya ci gidaje a Ringim, a Auyo, a Kafin Hausa. A 2020 da 2022 abin ya yi muni ƙwarai, kuma ba mai musun cewa Kogin Haɗeja da ciyawar kachala da ta toshe masa hanya suna da hannu a ciki. Amma akwai gidajen da ke zubewa a kan tudu, inda ko kwale-kwale ba a taɓa gani ba, su ma "ambaliya" ake ce musu. Ni dai a ganina, da yawansu indararo ne ya ci su, da kwatar da aka ƙi yashewa. Kuma gidajen haya sun fi shiga wannan hali.

A yi ɗan lissafi. Ruwan milimita ɗaya a kan murabba'in mita ɗaya lita guda ne. Gida mai rufin murabba'in mita 100, idan aka kwana ana ruwa har milimita 50, ya karɓi lita 5,000, wato duro 25. Wannan ruwa dole ya bi wata hanya. A gidan soro, indararo ne ke jefa shi nesa da bango. Idan ganyen dalbejiya ko leda ko sheƙar tsuntsu ta toshe bakinsa, ruwan ya kwanta a sama, ya jiƙa ƙasar rufin, ya yi mata nauyi, ya ratsa har azara. Idan kuma ya karye ko ya yi gajere, sai ruwan ya riƙa bin jikin bango yana zaizaye gindinsa a hankali. Mai gidan bulo da kwano ma kada ya yi dariya: ruwan da ke zuba daga bakin kwano kai tsaye a gindin gini shi ke sa danshi ya hau, fenti ya kumbura, filasta ta riƙa ɓarewa.

Iyayenmu sun san wannan. Tun bazara ba ta ƙare ba maigida zai kira magini, a hau soro, a yi yaɓe, a shafa makuba, a gyara zaman indararo. Ba wanda ke tuna masa, don shi zai kwana a ƙarƙashin rufin.

Yau kuwa a garuruwa irin su Wudil, Bichi, Kazaure, Gumel da Kafin Hausa, inda manyan makarantu suka jawo ɗalibai da ma'aikata, mai gida yana Kano ko Abuja, wakili ke karɓar kuɗi, ɗan haya ke kwana a ɗakin. Kowa a cikin ukun yana da hujjar zame kansa. Wani ƙanena malamin firamare ya yi shekara biyu yana bin wakilin gidan da yake haya a kan indararo guda ɗaya. "Ranka ya daɗe, bangon nan fa ya fara tsagewa." Amsar kullum ita ce, "Malam, a yi haƙuri, Alhaji ya ce sai bayan damina." Bayan damina! Ai lokacin magini zai zo tayar da bango ne, ba gyaran indararo ba. Haka kuwa aka yi, katangar ta faɗi a kan akurkin maƙwabci, Allah ya taƙaita ba rai a wurin.

Masu gidaje za su ce 'yan haya ne ke cika kwata da ledar fiya-wata da toka da sharar tsakar gida. Gaskiya ne, na gani da idona. Za su kuma ce babban magudanar bakin titi da kwalbati aikin ƙaramar hukuma ne. Wannan ma haka yake, kuma shirun duba-gari a ƙauyukanmu abin tambaya ne. Sai dai duk wannan bai taɓa indararo ba. Ɗan haya ba zai zuba kuɗinsa a ginin da gobe za a iya ce masa ya tashi ba, kuma da yawa ba su da izinin hawa soro ma, musamman inda ake leƙa gidan maƙwabta. Gini na mai shi ne, asarar ma tasa ce.

Abin da nake ganin ya dace mai sauƙi ne. A rubuta a takardar haya: rufi, indararo da ginin kwata na mai gida, shara da yashe kwatar cikin gida ta mazauna. A ware wani abu daga kuɗin hayar don aikin Afrilu da Mayu, sannan wakili ya sake zuwa da ƙafarsa washegarin babban ruwan farko, domin a ranar ake ganin inda ruwa ya kwanta da inda ya bi. Wakilin da ba a ganinsa sai ranar karɓar kuɗi bai ci la'adarsa da gumi ba.

Sai batun maƙwabci. Da yawa daga cikin ƙarar da ke zuwa gaban mai unguwa da damina, in ka bi diddigi, ruwan wani ne ke zuba a bangon wani. Addini ya ce babu cuta babu cutarwa, kuma kwatar da ta kwanta kwana goma ta isa sauro ya ƙyanƙyashe, shi kuwa ba ya tambayar gidan wa ya fito. Dagatai da masu unguwanni na da ikon kiran mai gida ko yana ina. Su kira shi tun a Mayu, lokacin da magini ɗaya da ɗan kwano da kwandon ƙasa za su wadatar.