Ranar da danginmu suka killace ni a ƙauyen Ingila ta waya

Wallahi har yau in na tuna abin nan sai na yi ta dariya ni kaɗai kamar sabon kamu. Ina karatun digiri na biyu kan lafiyar al'umma a Shefild, sai malamarmu ta ba mu asaimen kan tarihin killace masu cuta, ta ce wanda ya zaɓi ƙauyen Eyam ya daure ya je da ƙafarsa tunda ba nisa, yana nan cikin Dabishaya. Ni kuma da son a sani sai na ɗaga hannu tun kafin ta rufe baki.

Tun a bas aka fara. Na shiga na ce wa direba zan je "I-yam", mutumin ya tsaya yana kallona kamar na ce ya ba ni rance, na sake maimaitawa da ƙarfi har da ƙara masa salo, sai da na nuna masa rubutun a waya sannan ya ce ahaf, "Iim". Jama'a haruffa huɗu ne a rubuce amma biyu kawai ake faɗa, sauran ado ne. Ni da na zata garin doya zan je.

Ƙauyen kansa ɗan ƙarami ne, gidajen dutse, shiru kamar an yi ruwa an ɗauke, amma a ƙofofi da dama a kan babban layin akwai allo da sunayen waɗanda suka mutu a gidan. Labarin shi ne a shekarar 1665 annoba tana cin Landan, aka aiko wa telan garin ƙunshin yadi daga can, ashe da ƙuma a ciki. Yaron shagonsa George Viccars ya buɗe ya ga yadin da danshi ya shanya a bakin wuta, a watan Satumba shi ne na farko da ya tafi. Da abin ya sake tashi gadan-gadan a 1666 sai limamin cocin William Mompesson da tsohon limamin da aka cire kafin shi, Thomas Stanley, suka shawo kan mutanen gari cewa kada kowa ya fita kada kowa ya shigo, don kada su kai wa maƙwabta. Cikin wata goma sha huɗu mutum wajen 260 suka mutu.

Na shiga cocin Sent Lorens ɗin nasu, da bismillah ta a zuci, na tarar da wata tsohuwa baturiya mai kula da baƙi, irin tsofaffin nan da shekaru suka ja amma ido garau. Ta nuna min littafin sunayen mamatan da aka kwafo daga rajistar cocin, ta kuma ɗauko min hoton wani shafi na tsohon rubutun. Nan ta ce min tun 1538, zamanin sarki Henri na takwas, Thomas Cromwell ya ba da umarni kowane coci a Ingila ya riƙa rubuta duk wanda aka yi wa baftisma da wanda ya yi aure da wanda aka binne, daga baya ma aka ce a riƙa rubutawa a kan fata saboda takarda tana lalacewa. Ta ƙara da cewa sunan ƙauyen yana cikin babban littafin ƙidayar dukiyar ƙasa da sarki Wiliyam ya sa aka yi a 1086. Ƙauyen da bai kai unguwarmu ba fa!

To a tsohon rubutunsu akwai wata doguwar s da take kama da f sak. Ni kuma dama p ba ta taɓa zama lafiya a bakina ba, Bakano ne ni gaba da baya. Na buɗe baki zan burge tsohuwa na karanta sunan limamin da ƙarfi, Momfeffon. Matar nan ta dafe benci, ta yi ƙoƙarin riƙe dariya irin ta mutanensu har fuskarta ta yi ja.

Da na yi shiru daga nan da mutuncina ya tsira, amma ina. Ina bin jerin kwanan wata sai na ga bayan Disamba 1665 an rubuta Janairu 1665. Gabana ya faɗi don murna, na ce shi ke nan na gano kuskuren da turawa suka shekara ɗari uku da ɗoriya ba su gani ba, har na fara hango sunana a jarida. Na kira ta na ce Iya zo ki gani, ya za a yi mutum ya mutu da annoba wata takwas kafin annobar ta iso gari? Ta gyara tabarau ta ce min a hankali, kamar mai lallashin yaro, wai a lokacin sabuwar shekara a Ingila ranar 25 ga Maris take kamawa, sai a 1752 aka mayar da ita 1 ga Janairu. Wato Janairun nan tasu ta 1665 ita ce tamu ta 1666. Na ce eh eh dama na sani gwada ki nake. Ba ta ce komai ba, ta dai tambaye ni wace shekara aka haifi kakan kakana.

Nan fa ido ya raina fata. Ni da ranar haihuwar babana ma 1 ga Janairu ce a takarda, haka ta baffana, haka ta gwaggona, duk gidanmu rana ɗaya aka haife su in ka bi ta fasfo. Kakana kuwa abin da muka sani an haife shi shekarar da fara ta cinye gero. Amma sai na kawo mata sunaye bakwai a jere daga ni har kakan da ya fara zama a garinmu, ba takarda ba komai, ita kuma ta tsaya a na uku sai ta duba littafi. Na ce to ɗaya da ɗaya, na fita da ɗan sauran mutuncina.

A harabar cocin na ga kabarin Catherine matar limamin, ita ma annobar ce ta ɗauke ta a watan Agustan 1666. Daga nan na taka zuwa wajen gari inda kaburburan iyalin Hancock suke a tsakiyar fili an zagaye su da ɗan gini. Matar gidan Elizabeth ita da hannunta ta binne mijinta da 'ya'yanta shida cikin kwana takwas. A nan kam ba abin dariya, jikina ya yi sanyi, kuma wannan sanyin jikin ne ya jawo min bala'in ranar, don sai na ji ina son jin muryar gida, na ɗauko waya na yi wa Umma saƙon murya. Abin da na faɗa, kuma an sake kunna min shi ya fi sau ashirin daga baya: "Umma ina wani ƙauye da annoba ta shiga, mutum ɗari biyu da sittin sun mutu, an hana shiga an hana fita, yanzu haka ina tsaye a kan kaburbura, ku sa mu a addu'a." Shekarar ce kawai ban faɗa ba. Na tura, caji ya nuna kashi biyu, waya ta ɗauke.

Ni ban ma san na yi ɓarna ba, na wuce abina neman dutsen iyaka da ke kan hanyar Stoney Middleton. Dutse ne da aka huda ramuka a kansa, mutanen gari su zuba ruwan khal a ciki su jefa kuɗi, maƙwabta su ajiye abinci su kwashe kuɗin, a ganinsu khal ɗin yana kashe cutar. Na ga baƙi suna barin sulalla a ramukan, ni ma na ce bari in yi abin tarihi, na zaro fam biyun da ke aljihuna na jefa da niyyar in ɗauke abina in na gama kallo. Ramin ya cika da ruwan sama da laka, yatsana ya ƙi kaiwa, na sa tsinke na sa makulli, tumaki sun kewaye ni suna kallo suna tuƙa. Sai a lokacin na tuna tikitin komawata yana cikin wayar da ta mutu, katin banki ma a wayar yake.

Haka na dawo cikin gari wandona duk taɓo, na sami tsohuwar nan tana shirin tafiya gida. Allah ya saka mata, ta kai ni wani ɗan shagon shayi aka sa min caji. Waya na kunnuwa ta fara rawa a kan tebur kamar mai bori. Kira arba'in da wani abu, guruf ɗin gidanmu ya kama da wuta. Umma ta yi saƙo tana kuka, in fito yanzu-yanzu ko da ƙafa ne. Yaya babba ya ce ya duba BBC Hausa bai ga komai ba, lallai turawa ɓoyewa suke. Gwaggo ta ce in haɗa habbatussauda da zuma da tafarnuwa. An riga an raba sadakar ƙosai a ƙofar gida.

Sai Baffa Malam ya shigo da nasa, murya a nutse. Ya ce kowa ya yi haƙuri amma yaron nan ba zai fito ba, domin hadisi ya inganta cewa in kun ji annoba a wata ƙasa kada ku shiga, in kuma ta sauka kuna ciki kada ku fita. Ya ce shigar da na yi ita ce wautar, amma tunda na shiga sai in zauna. Guruf ya rabu biyu, 'yan a fito da 'yan a zauna, har Umma da Baffa sun fara sama-sama.

Na kira Baffa na ce Allah ya gafarta Malam, ku yi haƙuri, annobar nan fa ta ƙare tun watan Nuwamban 1666. Ya yi shiru ya ce wace shekara? Na maimaita. Ya ce wato tun kafin a haifi Shehu Ɗanfodiyo? Na ce da kusan shekara casa'in ma. Sai na ji ya ce wa wani a gefe, ku ce wa uwarsa ta daina kuka, ɗan nata lafiyarsa ƙalau, hankali ne dai babu.

Umma kuwa ba ta yarda ba sai da na kira ta bidiyo ta ga idona, ta ga tsohuwar tana ɗaga mata hannu da kofin shayi. Duk da haka da na je hutu bayan wata biyar, a zaure autarmu ta tare ni da bokitin ruwan zafi da Dettol, ta ce umarni ne daga sama, akwatina ma sai da ya kwana uku a rana. Kuɗin ƙosan sadakar kuma ni aka sa na biya.