Kyamara Mai Dogon Kunne

A farkon shekarun 2000, kamfanonin ƙera kyamara sun shiga gasar ƙanƙanta kayansu tare da ɗora musu ayyukan da ba nasu ba. Fujifilm ya fito da FinePix 40i a shekarar 2000, kyamarar da ke ɗaukar hoto kuma take kunna waƙoƙin MP3, Kodak ya biyo baya da mc3 a 2001, sannan a 2002 Casio ya saki Exilim EX-M1, wadda faɗinta kusan na katin banki ne, kaurinta kuma milimita 12 ne da ɗan ɗoriya, amma tana hoto, tana kiɗa, tana naɗar murya. A wancan lokaci wayar hannu ba ta riga ta haɗiye waɗannan ayyuka ba, saboda haka duk wanda ya zaro irin wannan abu daga aljihun gaban riga, sai an miƙo wuya an kalle shi. Tawa ba ɗaya daga cikin waɗannan ba ce, wata ƙanwarsu ce da ta zo daga baya, kuma ba zan kama sunan gidansu ba, domin abin da ya shiga tsakanina da ita maganar cikin gida ce.

Abin da ba a rubuta da manyan haruffa a jikin kwali ba shi ne cewa hoto da kiɗa da murya kamar 'yan haya uku ne a ɗaki ɗaya: duk wanda ya miƙe ƙafa, sai sauran sun takure. Batir ɗaya suke ci, katin ajiya ɗaya suke kwana a kai. Waƙar MP3 da aka matse a kan kilobit 128 a daƙiƙa tana cin kusan megabait ɗaya a kowane minti, don haka katina mai megabait 128 yana ɗaukar kiɗan sa'o'i biyu da 'yan mintoci, idan ba a bar wa kowa wuri ba. Hoto ɗaya mai megafiksel biyu kuwa bai cika megabait ɗaya ba, wato kowace waƙa ta minti biyar tana zaune ne a kan gurbin hotuna biyar ko shida. Wannan lissafi mai sauƙi ne ƙwarai idan mutum yana zaune a gida hankali kwance.

Wurin aikinmu ya shirya taron ban kwana ga mataimakin shugaba, dattijo mai haƙuri da ya kai lokacin ritaya. Da yake na daɗe ina zaro kyamarar a ofis ko da babu abin ɗauka, ina goge ta da gefen riga ina mayarwa, sai sakatariya ta tare ni a ƙofa ta ce, "Malam, tun da Allah ya hore maka na'ura mai aikin mutum uku, kai ne mai hoton taro, kuma shugaba yana son a naɗi jawabinsa domin a ba wa Baba ya riƙa saurare." Na amsa da cewa wannan ai ƙaramin abu ne, har na ƙara da cewa idan ana bukatar kiɗa a ƙarshen taro, shi ma yana aljihuna.

Ranar taron na cika batir fal, na saƙala abin kunne, na kama hanya ina jin waƙa. Cunkoson motoci ya riƙe mu, kiɗa kuma ya yi ta ɗebe mini kewa, ina gyaɗa kai ina yaba wa masu ilimin da suka ƙera wannan abu. Sai da na shiga zauren taro na tura ɗan makunnin gefe zuwa wajen hoto, sannan na ga alamar batir ta koma sanda ɗaya. Ban firgita ba, domin na san dabarar masu irin wannan kyamara: allon baya shi ne babban maciyin wuta, idan aka kashe shi aka koma leƙawa ta ƙaramar tagar da ke sama, batir yana ƙara jan rai sosai. Na kashe allo, na manna kyamara a fuska, ido ɗaya a rufe, ina jin kaina cikakken ma'aikaci.

Hotuna kaɗan na ɗauka aka kira kowa ya fito a yi hoton haɗin gwiwa kafin jawabai. Aka jera kujeru, manya suka zauna, ƙanana suka tsaya a baya, aka gyara tsayuwa, aka buɗe haƙora. Na danna, kyamara ta yi ƙara sau biyu ta ƙi. Na kunna allo, sai ga saƙo cewa kati ya cika. Na ce, "Ranka ya daɗe, a ɗan riƙe murmushin, yanzun nan." Na shiga neman waƙar da zan goge, sai na tarar ashe kyamarar ba ta goge waƙa da kanta, sai an haɗa ta da kwamfuta, hoto kawai ta yarda ta goge. Haka na tsaya a gaban mutane ina share hotunan ɗan ƙanwata ɗaya bayan ɗaya, ina roƙon yafiyar uwarsa a zuci, yayin da murmushin jama'a yake bushewa a fuskokinsu.

Maɓallan irin wannan kyamara an yi su ne don farce, ba don babban yatsan magidanci mai gumi ba. Akwai ɗan zagaye mai kibiyoyi huɗu da ɗigo a tsakiya, gaba ɗayansa bai kai maɓallin riga girma ba, kuma idan ka nufi ƙasa, yatsa yakan haɗa da dama. A cikin wannan sauri ne na ratsa ta wani shafi na jerin umarni, na ga wata 'yar alama ta bayyana a kusurwar allo, mai siffar sanda da kai zagaye. Na ɗauka alamar fitilar hoto ce, na kashe allo, na mayar da kyamara fuska, na ɗauki hoton. Jama'a suka saki numfashi.

Alamar makirufo ce. Kyamarorin wannan aji da yawa suna da tsarin hoto mai murya, inda bayan an danna, na'urar take naɗar magana ta ɗan lokaci, a tawa har daƙiƙa 30, ta ajiye ta a fayil na daban mai lamba ɗaya da hoton, domin mai yawon buɗe ido ya faɗi sunan wurin da ya ɗauka. Makirufon ɗan rami ne da bai fi tsinin allura ba a jikin kyamarar, kuma ba ya zaɓen mai magana, wanda ya fi kusa da shi shi yake ji. Ƙarfin sauti yana komawa kashi ɗaya cikin huɗu duk lokacin da nisa ya ninka, saboda haka shugaba da ke can kan mumbari ba shi da wata dama a gaban bakin da ke ƙasa da kyamarar da ɗan yatsa biyu. Ni kuwa, ina da wata ɗabi'a da iyalina suka daɗe da sani, wato idan ina aiki nakan yi magana ƙasa-ƙasa da kaina, kuma ba kowace magana ba ce ta dace da taro.

Da aka zo jawabin shugaba, na tura makunni zuwa naɗar murya zalla, na saka kyamarar a aljihun gaba domin hannuna ya huta, na zauna a sahun farko ina gyaɗa kai a duk inda ya dace. Bayan jawabi na zaro ta na tarar ta mutu murus. Na zare katin na miƙa wa sakatariya da alfahari, na ce ta kwashe duk abin da ke ciki, har na ja kunnenta kada ta bar komai.

Ba ta bar komai ba. Washegari aka taru a ofishin shugaba domin a ga hotuna kafin a kai wa Baba, aka haɗa kwamfuta da lasifika saboda jawabin. Aka fara da jawabi. Abin da ya fito shi ne gogar yadi a kan makirufo, da wani ƙugi mai zurfi wanda kowa ya gane daga cikina ya taso, sai muryar shugaba daga nesa tana jero sunayen manyan baƙi. Bai gama gaishe su ba batir ya ƙare. Shugaba ya dube ni, na ce, "Ranka ya daɗe, ai gaisuwar ita ce ginshiƙin jawabi." Bai amsa ba, ya ce a wuce zuwa hotuna.

Sakatariya ta ce ta ga wasu ƙananan fayiloli masu WAV a ƙarshen suna a gefen yawancin hotunan, ko a buɗe su? Na ce wataƙila sauran jawabin ne, a buɗe. Hoton akanta ya cika allo, kansa a sunkuye, sai muryata ta fito tar, babu ko ƙura a kanta, tana cewa, "Shi kuma wannan barci yake yi ko lissafi?" Ofis ya ɗauki dariya, shugaba ya fi kowa, har ya ce a maimaita. Aka maimaita. Hoto na gaba na jami'in kula da ma'aikata ne, muryar ta ce, "Ka yi murmushi mana, yau ba korar kowa za a yi ba." Shugaba ya buga tebur yana share hawaye, ya ce lallai an samu na'ura mai gaskiya. Ni kuma ina tsaye ina ƙoƙarin tuna hotunan da suka rage da abin da na faɗa a kan kowanne, kuma ƙwaƙwalwata, wadda ba ta taɓa taimaka mini a jarrabawa ba, ta kawo mini su duka a jere.

Na ce, "Hajiya, ina ganin sauran duk iska ce kawai, kada mu ɓata wa shugaba lokaci." Shugaba ya ce lokacinsa ne, kuma ya bayar. Sai ga hotonsa yana hawa mumbari, takardu a hannu, muryata kuma ta yi ajiyar zuciya mai tsawo kafin ta ce, "To, Allah ya sa mu kwana a gidajenmu." Daga nan aka koma kan hoton haɗin gwiwa, wanda ya fito da kyau ƙwarai, domin hasken ya zauna daidai kuma babu wanda ya rufe ido, sai dai bayanin da ke tare da shi ya ce, "Da Yallaɓai zai ɗan janye tumbin nan, da mutum biyu sun samu shiga." Dariyar ta tsaya a maƙogwaron kowa. Wani ya fara tari, wata ta tuna tana da aiki a ƙasa. Shugaba ya dubi allo, ya dubi cikinsa, sannan ya tambayi sakatariya a hankali ko akwai nata. Ta ce akwai fayil ɗaya a gefen hotonta, amma da alama ya lalace. Ta faɗi haka ne tana kallona, yatsanta a kan linzamin kwamfuta, kuma tun daga ranar ban sake ƙin wani aiki da ta ba ni ba.

Baba ya samu labari kafin hotunan su isa gare shi, ya aiko cewa a sa masa komai a faifai har da muryoyin, kada a cire ko ɗaya. Game da nasa hoton abin da na ce kawai shi ne, "Bawan Allah ya tsira," kuma an ce ya saurare shi ya ce amin. Shugaba ya kafa doka cewa a duk taro mai zuwa za a ajiye kyamarar a kan teburinsa, ni kuma in zauna a sahun ƙarshe. Takardar alawus ɗina ta daɗe a ofishin akanta, kuma duk lokacin da na leƙa in tambaya, sai ya ɗago kai ya ce in yi haƙuri in dawo, barci yake yi.