Ragon da na ƙera a kwamfuta

Tun ina firamare ake ce mini mai zane, amma akwai sirrin da ban taɓa faɗa wa kowa ba: ban iya zana hannu ba. Duk mutumin da na zana, ko dai hannunsa na aljihu, ko na rufe shi da babbar riga. Takarda ta daɗe tana rufa mini asiri, don ba ta taɓa cewa in juyo mata mutum ta ga ƙeyarsa ba.

Da na tashi haɗa wasan kwamfuta sai na sauke Blender, manhajar sassaƙa siffofi a kwamfuta da wani ɗan ƙasar Holan, Ton Roosendaal, ya ƙirƙiro. A 2002 masoyanta suka yi karo-karo na Yuro dubu 100 aka fanso ta, ta zama ta kowa. Kyauta ce, kuma dalilina ke nan na zaɓarta, kada ku ɗauka wata aƙida ce. Masu koyo a intanet da ƙera siffar donat suke farawa. Ni ƙosai na yi, kuma ya fito, tunda ƙosai ba shi da siffar da za a ce an ɓata.

Nasarar ƙosai ta hau mini kai, na ce wasan karon raguna zan yi. Kwana huɗu ina sassaƙa wani balami, fari fat, ƙaho a murɗe, kunnuwa a zube. Sai dai duk kwanakin nan ta gefe ɗaya nake kallonsa, yadda na saba a takarda. Na kira Umma da alfahari.

Ta gyara tabarau ta ce, "Juyo min shi in ga bayansa. Wa ka taɓa gani ya sayi rago ta gefe ɗaya?"

Na juya. Rago ya zama siriri kamar faifai, ba ciki ba ƙugu.

"Ikon Allah," in ji Umma. "Wannan ai har an yi kilishinsa."

Na sake zama na ba shi jiki. Da na ga fatar ta yi kwana-kwana, sai na kunna abin da ke sa jiki ya yi sumul. Ban san kowane mataki ninka fuskokin yake sau huɗu ba, wato ƙananan ɓangarorin da aka harhaɗa suka zama fatar. Ragon yana da fuska wajen dubu biyar, na kai shi mataki na biyar, suka haura miliyan biyar. Fankar kwamfutata ta kama ƙara kamar injin markaɗe. Ana cikin haka aka ɗauke wuta, batirin kuwa tun bara ya rasu, ni kuma ban adana aikin ba.

Rago na uku shi ya kai matakin sa ƙashi. A nan ana shafa wa jiki launi ne, ja yana nufin wannan wurin ya bi ƙashin, shuɗi kuma ba ruwansa. Na shafa yadda ya yi mini kyau a ido, irin na masu zane. Ina ɗaga ƙafar gaba sai kunnen hagu ya taso yana gaisuwa.

A haka dai na kai shi Godot, inda ake haɗa wasan, na shimfiɗa masa fili, na miƙa wa ƙanena ya gwada. Ashe filin hoto ne kawai, sai an gaya wa kwamfuta cewa ƙasa tana da tauri. Yana danna maɓalli, rago ya ratsa ƙasa ya yi ta zurmawa, kunne na kaɗawa.

"Yaya, rijiya ka sa a wasan?"

Muka ci tuwo muka wanke hannu, rago bai daina faɗuwa ba. Umma ta leƙo ta ɗauki kwanuka, ta ce in ya isa ƙasa a kira ta.