Ba ruwan sama ne ya kashe baje kolin Philadelphia ba

Duk inda aka ɗauko labarin baje kolin duniya na Philadelphia a 1926, ruwan sama ake fara kawowa. E, an sha ruwa, kwana 107 cikin kwana 184 da aka yi ana bikin. Amma jama'a, ni ban yarda a ɗora wa hadari laifin da mutane suka tafka da hannunsu ba.

Amurka ce ke cika shekara 150 da 'yancin kai, kuma a wannan birnin aka ayyana 'yancin a 1776. Attajirin nan John Wanamaker ya kawo shawarar yin baje kolin tun 1916, ya mutu a 1922 ana ta jan ƙafa. Da aka zo zaɓen fili, sai aka tsallake Fairmount Park, inda aka yi baje kolin 1876 lafiya lau, aka kai abin fadamar kudancin birni, yankin William Vare, uban gidan siyasar garin. Nan gizo ke saƙa. Kuɗi da lokaci suka tafi wajen cike fadama da ƙasa.

Ranar 31 ga Mayu aka buɗe, rumfuna da yawa ba a gama su ba, baƙi na tsallake katako suna taka caɓi. Waɗanda suka zo da wuri suka koma garuruwansu suna cewa kada kowa ya ɓata kuɗin motarsa. To, wa zai zo?

Abin da ke ci min rai shi ne akwai aikin kirki a wurin. An kafa kwaikwayon ƙararrawar 'yanci, wato tsohuwar ƙararrawar birnin da ke alamta 'yancin Amurka, mai tsawon ƙafa 80, an lulluɓe ta da ƙwan lantarki 26,000. Kwamitin mata kuma ya sake gina titin High Street kamar yadda yake a zamanin 'yanci, mata cikin tufafin da can suna zagayawa da baƙi gida-gida. Wannan titi ya fi manyan rumfunan 'yan siyasa farin jini.

Taron da ya fi cika kuwa dambe ne. Ranar 23 ga Satumba sama da mutum 120,000 suka zauna cikin ruwa suna kallon Gene Tunney ya ƙwace kambu daga hannun Jack Dempsey. Ruwan bai hana su fitowa ba ai! A 1927 bashi ya ci masu shirya bikin, aka yi gwanjon kayan.